Keken gwanjo mai giya 21: na kai shi Kadawa da Tiga na dawo, ga abin da na gani

Tun da na sayi keken nan mutane ke tare ni a hanya suna tambaya wai ya yake, yana da ƙarko kuwa, nawa na saya, ni kuma na ƙi cewa komai sai na ba shi wuya tukuna, don yawo daga gida zuwa shago ba shi ne gwajin keke ba. To yanzu kam ya sha wuya, ni ma na sha, kwana huɗu muka yi a kan hanya mu uku ƙarshen watan Janairu, muka fita daga Kano ta titin Zariya, Kura, Kadawa, Bagauda, Tiga, muka zagayo ta Rurum da Rano da Bunkure muka ɓullo Karfi muka dawo gida. Wayata ta ƙirga kilomita 180 da ɗoriya amma ban yarda da ita sosai ba don sau biyu caji yana ƙarewa.

Keken irin na hawa dutse ne ɗin nan, ɗan gwanjo wanda ake cewa ɗan Beljiyam, bodinsa alminiyom, giya uku a gaba bakwai a baya, birki mai faifai, ga shokozoba a gaba. A wani shago na saye shi a cikin gari, ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai ƙorafin da zan yi a gaba kuma mutumin yana da iyali. Dubu 130 ya fara yi min, muka yi ta ja har muka tsaya a 95, ya ce wallahi don dai ni ne. Kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu keke suka samu kasuwa, wanda a da ko kallon keke ba ya yi yanzu shi ne yake zuwa yana murza feda yana tambayar giya nawa ne. Ni ma cikinsu nake, ba zan ɓoye ba, mashin ɗina na jingine.

Abokan tafiyata, ɗaya abokina ne tun na makarantar allo, shi tsohon Phoenix na babansa ya ɗauko, baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya da ƙararrawa, irin wanda ake kai buhu kasuwa da shi. Mun yi masa dariya ranar da za mu tashi, na ce masa kai da wannan akwalar ko Tamburawa ba za ka kai ba. Ku riƙe wannan maganar. Na ukun ƙanin matar yayana ne, yaro ne ɗan jami'a, keken haya ya samo mai taya 26.

Rana ta farko ba wani abin faɗa sosai. Mun yi asuba muka fita, sanyi kamar me, hazo ya rufe gari ba ka ganin gabanka da nisa, muka wuce Na'ibawa da Kwanar Dawaki muka haye gadar Tamburawa. A kan kwalta keken nan daɗi ne da shi, ba nauyi, kana taɓa feda ya tafi, sai dai tayarsa mai ƙurajen nan tana ƙugi a kan titi kuma tana cin ƙarfi, mai Phoenix da siririyar tayarsa yana murzawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure amma ban iya tsere masa ba. Abin da ya fi damuna a titin nan tireloli ne, in ɗaya ta wuce ka iskarta sai ta nemi ta jefa ka gefe, kuma keke mara nauyi ya fi jin wannan. Muka tsaya Karfi muka ci gasasshiyar masara, muka isa Kura da hantsi. Wanda bai san Kura ba, garin shinkafa ne, ko'ina shanya, ko'ina injin casa yana ƙara, mata na turara shinkafa a manyan tukwane, kuma tun kafin shinkafar garin rini ne, baƙin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa ai ɗan Kura ake ce masa.

Daga nan ne tafiyar ta zama tafiya. Muka sauka daga kwalta muka bi hanyar da ke gefen kanal, wallahi in ba ka taɓa shiga Kadawa da rani ba ba za ka gane abin da nake nufi ba. Ka baro gari komai ya bushe ya yi fari fat da ƙura, bishiyoyi duk sun yi furu-furu, kawai sai ka ga kore shar har iya ganinka, alkama ta fara fitar da kai iska na kaɗa ta, can tumatir ya yi ja a kwanduna an jera a bakin gona, can albasa, can masara, balbelu fari tas suna bin masu huɗa. Ruwan kuma ba inji ke turo shi ba, daga dam ɗin Tiga yake gangarowa da kansa ta babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, har ya zo bakin gonar mutum, sai ka ga manomi ya ɗauki guntun bututun roba ya tsoma ya toshe bakin da tafin hannu ya ja ya ajiye, ruwa ya kama zuba cikin kunya shi kaɗai. Na tsaya na fi minti goma ina kallon wani yaro da bai wuce shekara sha biyu ba yana jera su ɗaya bayan ɗaya ko kuskure babu, na ce bari in gwada, sau biyar ina yi ruwan yana komawa, yaron yana ta ƙyaƙyata min dariya. Wani dattijo a gun ya ce mana kafin a gyara kanal ɗin a aikin nan na TRIMING na Bankin Duniya ciyawar kacalla ta cinye wasu wuraren har ruwa ba ya kaiwa gonakin ƙarshe, sai rigima tsakanin na sama da na ƙasa.

A wannan hanyar ta gefen kanal keken ya nuna min amfaninsa, gaskiya sai an faɗa. Hanya ce ta burji da ramuka, wani gun yashi, wani gun taɓo inda ruwa ya ɓalle, faffaɗar tayar nan da nake zagi a kan kwalta ita ce ta riƙe ni, mai Phoenix yana shiga yashi sai ya sauka ya tura, ni kuwa in sauke giya in wuce ina yi masa fito. Sannan akwai 'yan siraran gadoji da ake tsallaka kanal, wasu faɗinsu bai fi taku biyu ba, ni hannu ɗaya nake ɗaga nawa in saɓa a kafaɗa in haye, shi kuwa sai mun kama masa. Shokozobar dai ban ga aikinta ba, ashe a ƙage take tun daga shago, in ka danna ko motsi ba ta yi, nauyi kawai take ƙara wa gaban keken. Da na tambayi mai shagon ranar saye ya ce ai sabunta ce, za ta saki. Har yau ba ta saki ba.

Wajen la'asar tsidau ya huda min tayar baya. Na ce ba komai, faci ne, ko wane ƙauye akwai mai faci. Muka tura zuwa wani ɗan gari muka samu wani dattijo a gindin dalbejiya da kwanon ruwansa da famfonsa, muka yi sallama ya amsa ya karɓi keken ya juya shi, yana ganin bawul ɗin sai ya tsaya ya ce, samari wannan kuma wane irin hanci ne. Ashe bawul ɗin keken nawa siriri ne irin na Turai mai ɗan ƙusa a kai, ba ya shiga famfon keke irin namu, ba ya shiga na mashin da mota. Ni tun da na saya ban taɓa ba shi iska da kaina ba, a shagon aka cika min, kuma mai shagon bai ce min uffan ba. Na ce Baba yanzu ya za a yi, ya ce kwantar da hankalinka ɗana, ya tashi ya shiga wata rumfa ya dawo da guntun tiyon mai na mashin, ya cusa a kan bawul ɗin ya ɗaure da zaren roba ya haɗa da famfon, yaronsa na bugawa shi yana riƙe, rabin iskar na fita ta gefe amma dai taya ta tashi. Naira 300 ya ce, na ba shi 500 ya yi ta sa albarka.

Mun kwana a wajen Garun Malam gidan kawun abokina, aka kai mu muka gaida mai unguwa tukuna don kar a ga baƙin fuska da dare, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka muka ci kamar ba gobe. A nan na gane matsala ta biyu, sirdi. Ɗan siriri ne mai tauri kamar katako, na kasa zama a kan tabarma sai a kishingiɗe, kawun yana tambaya ko lafiya, abokina ya ce ai keken 'yan gayu ne ya cije shi, duk zauren aka fashe da dariya. Shi sirdin Phoenix faffaɗa ne ga sifirin a ƙasa, mutumin ko a jikinsa. Ga kuma rashin kariya, keken ba shi da ita ba shi da madigadi, kayana duk a jakar goyo suke, ruwa lita uku da bargo da kayan sawa, kafaɗuna kamar an dake ni da taɓarya. Da safe na ce a kai ni gun mai walda ya haɗa min kariya, mai waldan ya ƙwanƙwasa bodin da sifana ya ce yallaɓai wannan alminiyom ne, wutata ba ta kama shi, in na matsa ma sai in ɓata maka. Wannan magana ta tsaya min a rai, don ma'anarta in bodin ya tsage a ƙauye shi ke nan sai dai a ɗora shi a mota. A ƙarshe jakata a kariyar Phoenix ta ƙarasa tafiyar, an ɗaure ta da robar tsohon tub, kuma mai shi bai fasa tuna min maganar Tamburawa ba har muka dawo.

Rana ta biyu muka leƙa Kwanar Gafan da sassafe don ɗan jami'ar nan bai taɓa gani ba. Kasuwar tumatir ce ta lokacin kakarsa, kwanduna dubbai a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu har Legas, dillalai na ta ihu, ƙasa duk ta yi ja da wanda ya fashe. Manoman da muka yi hira da su kukansu ɗaya ne, in kaya ya yi yawa kwando ya faɗi warwas har wani ya gwammace ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, in kuma tsutsar nan da suke kira sharon ta shigo kamar yadda ta yi a 2016 gona guda sai ta ƙone cikin kwanaki. Kamfanin tumatir na Dangote yana nan Kadawa, mun hango shi daga titi. Ni dai na sayi na ɗari biyu muka yanka da albasa da ƙuli muka ci a tsaye.

Daga mahaɗar Bagauda, inda makarantar lauyoyi take a tsohon otal ɗin nan na bakin ruwa, muka karya zuwa Tiga, ƙasa ta fara tudu da gangare, duwatsu suka fara fitowa. Nan fa giya ta yi rana. Duk wanda ya ce maka giya ado ce bai hau tudu da keke bayan ya yi kilomita hamsin ba, ina sauke ta ƙasa ina hawa a zaune ina numfashi daidai, mai Phoenix ya miƙe tsaye a kan feda yana zufa cikin sanyin nan, daga baya ya haƙura ya sauka yana turawa, ga jakata a bayansa, har ya ban tausayi na karɓe shi muka yi musaya na ɗan lokaci. A gangare kuma birkin faifan yana kamawa cak ko da ƙura, sai dai ƙarar da yake yi kamar ana yanka akuya, mutanen da ke gefen hanya har juyowa suke.

Tiga kuwa sai wanda ya gani. Ruwa ne ba ka ganin ƙarshensa musamman da hazon nan, sama da ruwa sun haɗe sun zama abu ɗaya, masunta a cikin kwalekwale kamar suna shawagi a iska. Zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin, aka gama a 1974, aka tare kogin Kano, kuma duk koren da muka ratsa jiya daga nan yake sha. Ina zaune a kan dutse ina tunanin mutanen Hadeja da Nguru da suke cewa tun da aka yi dam ɗin ambaliyar da ke cika musu fadama ta ragu, wato abin da ya zama arziki a Kura wani ne ya biya a can ƙasa. Ba a daɗe ana wannan tunanin ba in ƙamshin kifi ya bugo ka, muka samu mata masu suya muka sayi karfasa mai zafi da yaji, ni kaɗai na ci uku.

Rana ta uku ita ce ta baƙin ciki. Tsakanin Tiga da Rurum, wurin kyau ne da shi, manyan duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu, kukoki, garken shanu na gangarowa shan ruwa, muka sayi fura da nono gun wata 'yar Fulani muka jingine kekunan, iska ta kaɗa nawa ya faɗi ta ɓangaren giya. Faɗuwa ɗaya fa, a tsaye ma, abin da ke canja giyar baya ya lanƙwashe, da na hau sai kaca ta riƙa tsalle tana faɗawa tsakanin tsinkaye, dama kuma ta sha baƙin mai da na zuba mata a gida ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓin gini. Wannan laifina ne, ba na keke ba. Muka miƙe shi da hannu yadda ya samu, giya uku kawai suka yarda suna shiga a cikin bakwai ɗin. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta sake sacewa, wannan karon a gindin bawul ta yage inda aka ɗaure da roba shekaranjiya, ba faci da zai kama gurin.

To a nan ne na san abin da na saya. Tayar keken 27.5 ce, lambar na nan rubuce a gefenta ban taɓa dubawa ba. Na tura shi kusan awa biyu cikin rana zuwa Rano, Autan Bawo guda, gari babba mai sarki, muka zaga masu kayan keke, kowa 28 gare shi na Phoenix ko 26, wani ma cewa ya yi bai taɓa jin wata 27 da rabi ba, ko dai wasa nake. Wani matashi mai gyara ne ya cece ni, ya ce oga in ka yarda in faɗaɗa ramin wilin in sa maka tub 26 mai bawul ɗin mashin, zai miƙe ya cika tayar. Na ce yi duk abin da za ka yi. Ya sa zarto mai zagaye ya goga ramin a hankali, ya sa tub ɗin, aka ba shi iska a gun mai facin mota na kusa, ya kuma wanke min kacar da kananzir ya daidaita giyar har biyar suka dawo. Tub ɗin nan shi ne a ciki har yanzu da nake rubutun nan. Phoenix kuwa a duk kwana huɗun nan sau ɗaya kacarsa ta zame, mai shi ya mayar da ɗan tsinke ko hannunsa bai ɓata ba.

Dawowa ta Bunkure iska ce ta yi mana dukan kawo wuƙa, don ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma arewa muka nufa, tun daga Rano har Karfi a fuska take dukanmu, leɓe ya tsage, ido ya yi ja. Ko a nan giyar ta taimaka, na sa mai sauƙi na sunkuya ina tafiya kamar kunkuru. Gonakin Bunkure ma kore ne shar irin na Kadawa amma wallahi ban kalle su ba, burina in ga kwalta.

In don hawa ne kawai, keken nan na ba shi bakwai cikin goma, ba nauyi, yana hawa tudu, yana cin yashi, birki na kamawa. In don tafiyar ƙauye ne yadda na saye shi, huɗu ma na yi masa kara. Mai shagon kuma ban ce ya cuce ni a kuɗi ba, amma ya san bawul ɗin, ya san lambar tayar, ya san shokozobar a mace take, kuma na gaya masa da bakina cewa doguwar tafiya zan yi. Wanda zai sayi irinsa ya duƙa ya karanta gefen tayar, in ba 26 ba ce ya tabbata ya sayi tub biyu a nan cikin gari ya sa a jaka, ya kalli bawul, ya danna gaban ya ga ko yana motsi, ya leƙa ko akwai 'yan ramukan ɗaura kariya a bayan bodin, sirdin kuma a canja shi tun a shagon kafin a biya.

Na koma gun mai shagon bayan kwana biyu da dawowa na zayyana masa duk abin da ya faru, ya saurara yana ta salati, da na gama sai ya ce ai Alhaji ba a yi irin wannan keken don ƙauye ba. Na ce to keken hawa dutse a ina ake hawa da shi, a Zoo Road? Ya yi dariya ya ɗauko wani faffaɗan sirdi mai sifirin ya ce in kawo dubu huɗu. Uku na ba shi.